Farautar Jiragen Nutso a Ƙofar Duwala, 1940 zuwa 1944



Mu Hausawan Duwala mutane ne da suka ba teku baya. Idan hira ta yi daɗi bayan sallar isha'i a New Bell, arewa labarinmu yake fuskanta: hanyar Ngaundere da Garwa, fataucin goro, cinikin shanu, wane kakansa daga Kano ya taso, wane nasa daga Katsina. Alhali daga unguwarmu zuwa bakin kogin Wuri tafiyar 'yan mintoci ce a kan bensikin, kuma atamfar da muke aunawa a kasuwar Kongo da shinkafar da ke tukunyarmu ta ruwa suka shigo. A zamanin Yaƙin Hitila an yi shekaru ana gwabza wani faɗa a kan wannan hanya ta ruwa, tsakanin jiragen da ke tafiya a ƙarƙashin teku, waɗanda za mu riƙa kira jiragen nutso, da jiragen saman da aka ƙera domin farautarsu. Kakanninmu ba su gan shi da ido ba, amma sun ji shi a aljihunsu.

Ita kanta unguwar tamu rigimar bakin ruwa ce ta haife ta. Tun daga 1910 Jamusawa suka ƙudurta tayar da 'yan ƙabilar Duwala daga gaɓar kogi, su mayar da su can baya inda suka raɗa wa suna Neu-Bell. Sarki Rudolf Duala Manga Bell ya ja da su, suka rataye shi ranar 8 ga Agusta 1914. Filin da masu gari suka ƙi, baƙi ne suka cika shi, har da iyayenmu. Ba a yi wata biyu da rataye sarkin ba Duwala ta kuɓuce wa Jamus. Sun nutsar da jiragensu a mashigar Wuri don su toshe hanya, Turawan Ingila suka buɗe ta, jirgin yaƙinsu Challenger ya kutso, gari ya miƙa wuya ranar 27 ga Satumba 1914. Tun daga ranar aka san cewa wanda ya riƙe teku shi ke riƙe da Duwala.

Shekara 26 bayan haka, a watan Yuni 1940, Faransa ta faɗi a hannun Hitila. Turawan da ke mulkin ƙasashenmu suka rabu biyu, wasu suka bi gwamnatin Vichy da ta sasanta da Jamus, wasu suka bi Janar de Gaulle da ya ce a ci gaba da yaƙi. Daren 26 wayewar 27 ga Agusta 1940 Leclerc, wanda gunkinsa ke tsaye a Bonanjo, ya taso daga Tiko cikin kwalekwale da mutum 20 da 'yan kai, ya karɓe Duwala ba tare da an zubar da jini ba. De Gaulle da kansa ya sauka nan ranar 8 ga Oktoba. Daga nan tasharmu ta zama ƙofar Faransa Mai 'Yanci. Motoci da man fetur da albarusan da Leclerc ya yi yaƙin hamada da su, har ya ci Kufra a watan Maris 1941, da yawansu nan aka sauke su, jirgin ƙasa ya kai su Yawunde, manyan motoci suka haura da su Fort-Lamy, wato N'Djamena ta yau. Haka a Takoradi ta ƙasar Gana ake sauke jiragen saman yaƙi cikin akwatuna, a harhaɗa su, su tashi ta Legas da Kano da Maiduguri zuwa Masar. Duk wannan a kan jiragen ruwa na dako ya rataya. Jamusawa kuwa sun samu tashar Lorient a gaɓar Faransa, wadda ta rage wa jiragen nutsonsu nisan zuwa Afirka ta Yamma.

Kafin mu shiga faɗan, sai mun gyara wata fahimta. Mutum zai zaci jirgin nutso kifi ne, yana shiga ruwa ya zauna sai ya ga dama. Na wancan zamani ya fi kama da ayu. Duk wanda ya zauna da masuntan Binuwai ya san ayu ba shi da abin shaƙar iska a cikin ruwa kamar kifi, komai daɗewarsa a ƙasa sai ya ɗago hanci, kuma mai mashi ba ya bin sa cikin zurfi, zama yake yi shiru yana jiran wannan ɗagowar. Babban jirgin nutson Jamus da ake turowa ruwanmu yana ɗauke da mutum wajen 50. A saman ruwa da injin dizal yake tafiya, yana iya yin kilomita 33 a awa, ya fi yawancin jiragen dako sauri. Da ya nutse sai a kashe dizal, domin inji na buƙatar iska, a koma kan batir. A kan batir iyakar ƙoƙarinsa kilomita 13 a awa, shi ma na ɗan lokaci. Idan ya lallaɓa a hankali ya yi kilomita 100 da ɗoriya, batir ya mutu, iskar ciki ta gurɓace, dole ya fito ya yi awoyi a sarari yana caji. Ashe jirgin ruwa ne da ke iya ɓuya, kuma a sama yake cin mafi yawan kwanakinsa.

Nan jirgin sama ya shigo. Daga tsayin da yake shawagi yana hango farin sawun da jirgi ke bari a bayansa tun daga nesa, kuma ya nunka jirgin ruwa sauri sau da yawa. Masu gadin jirgin nutso suna hango shi sai a buga ƙararrawa, cikin kamar rabin minti an shige ruwa. Ko da matuƙi bai jefa komai ba ya yi rabin aikinsa, domin wanda ya nutse ya zama gurgu kuma makaho, jiragen da yake fako sun wuce sun bar shi.

Karo na farko da aka gwada wannan a kusa da mu, ba da Jamusawa aka yi ba. A farkon Nuwamba 1940 Gabon tana hannun mutanen Vichy, de Gaulle ya ƙudurta ƙwace ta, kuma daga Duwala rundunar ta tashi. Jiragen yaƙin Ingila ƙarƙashin Admiral John Cunningham suna tsaron teku daga baya. Ranar 7 ga wata, a ruwan Port-Gentil, wani ƙaramin jirgin yaƙin Ingila mai suna Milford ya ci karo da jirgin nutson Faransa, Poncelet. A saman ruwa Poncelet ya fi Milford gudu, don haka bin sa a guje aikin banza ne. Sai babban jirgin yaƙi Devonshire ya harba ɗan jirgin saman da yake goye da shi, samfurin Walrus. Wannan Walrus abin dariya ne a ido: fukafukai biyu sama da ƙasa, inji ɗaya da farfelarsa ke kallon baya, ana cilla shi daga kan jirgi kamar dutsen majajjawa, in ya gama ya sauka a kan ruwa a ɗauke shi da ƙugiya. Shi ne ya riski Poncelet, ya zuba masa bama-bamai, ya tilasta masa nutsewa. Da ya nutse gudunsa ya ƙare, Milford ya iso kansa.

Poncelet ya harba tofido, wato dogon makamin nan mai inji da ke tafiya da kansa a cikin ruwa har ya daki cikin jirgi. Ɗaya bai fashe ba, ɗaya ya maƙale a bututunsa yana fitar da hayaƙi mai guba a cikin jirgin. Milford ya bi shi da gangunan nakiya masu fashewa a zurfi, har ya fito sama a raunane. Kwamandansa, Bertrand de Saussine, ya sa mutanensa suka fita Turawan Ingila suka kwashe su, shi kuwa ya koma ciki ya buɗe wa ruwa hanya, ya nutse tare da jirginsa don kada a kama shi. Kwana biyu bayan haka jiragen saman Lysander da suka tashi daga Duwala suka yi wa filin jirgin Libreville ruwan bama-bamai, kuma a gaban garin jirgin yaƙin Savorgnan de Brazza ya nutsar da Bougainville, jirage biyu ƙirar zubi ɗaya, duka Faransawa a ciki. Faɗan 'yan gida ɗaya ne aka zo aka yi a tsakar gidan wasu.

Jamusawa sun iso da gaske a 1941. Freetown ta Saliyo ita ce mahaɗar jiragen da ke zuwa Ingila daga Afirka da Indiya, nan suka kafa tarko. Jirgin nutso guda, U-107, ƙarƙashin Günter Hessler, surukin Admiral Dönitz shugaban rundunar gaba ɗaya, ya nutsar da jirage 14 a fita ɗaya tsakanin Afrilu da Yuni, nauyinsu ya haura tan 86,000. Babu wata fita da ta kai wannan ɓarna a duk tsawon yaƙin. A ƙarshen Mayu U-69 ya saɗaɗo cikin dare ya dasa nakiyoyin ruwa a bakin tashoshin Takoradi da Legas, ya kuma harbi jirgin Sangara na kamfanin Elder Dempster yana tsaye a Accra. Ranar 4 ga Yuni ɗaya daga cikin nakiyoyin ta tarwatsa jirgin yashe Robert Hughes a mashigar Legas. Duwala ta ɗan sami kariya daga halittar wurinta, domin doguwar mashigar Wuri ba ta da zurfin da jirgin nutso zai ɓuya. Amma duk jirgin da ya shigo sai ya fita, kuma a waje ake jiransa.

Maganin farko da aka yi, jikan fatake ba ya buƙatar a fassara masa. Kakanninmu da ke zuwa Gwanja sayen goro ba sa fita ɗaiɗai, ayari suke haɗawa, da madugu da jagaba da masu kwari da baka a gefe, domin ɗan fashi ya fi son wanda ya ware. Haka aka riƙa tara jiragen dako su tafi jere, jiragen yaƙi na kewaye da su suna sauraron ƙarƙashin ruwa da wata na'ura mai aika sauti ta jira amsa-kuwwa. Sai dai ayari ba ya hana fashi in masu rakiya sun yi kaɗan. A Satumba 1941 ayarin SL 87 ya bar Freetown da jirage 11, guda 7 ba su isa ba, cikinsu har da wani na kamfanin John Holt, kamfanin da 'yan kasuwarmu suka sani tun daga Kano har Duwala. Na'urar sauraro ba ta jin jirgin da ke saman ruwa, Jamusawa kuwa da dare suke kai hari, a saman ruwa.

Saboda haka aka shimfiɗa jiragen sama a gaɓar Afirka ta Yamma kamar shanya. Runduna ta 95 ta sojan saman Ingila ta iso Freetown a Maris 1941 da jiragen Sunderland. Ta 200 da ta 204 suka zauna a Gambiya. A 1943 runduna ta 26 ta Afirka ta Kudu ta kawo jiragen Wellington Takoradi, ta 270 kuma ta koma Apapa a Legas da jiragen Catalina, waɗanda suka fi kusa da ruwanmu. Sunderland da Catalina jiragen sama ne masu cikin kwalekwale, a kan ruwa suke tashi a kan ruwa suke sauka, abin da ya dace da gaɓar da ke da yalwar tafkuna da ƙarancin filayen jirgi. Sunderland inji huɗu gare shi, da mutum 10 ko fiye, da anga kamar jirgin ruwa, da gadaje, har da ɗan murhun dafa shayi, domin fita ɗaya tana cin awa 12. Catalina inji biyu ne, ba shi da sauri, amma ya fi kowa jimirin zama a sama.

Kada mu ɗauka aikin jarumtaka ne kullum. Mafi yawansa ƙura wa ruwa ido ne daga asuba zuwa magariba, kuma matuƙa da yawa sun gama zamansu a wannan gaɓa ba su taɓa ganin jirgin nutso ko sau ɗaya ba. Zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da su, gishirin teku ya ci ƙarfen jiragensu. Daga Disamba zuwa Fabrairu kuma hazonmu na arewa, wanda iskar hunturu ke kwasowa daga Sahara, yakan sauko har kan teku ya haɗe sama da ruwa, mutum ya kasa gane inda ɗaya ya ƙare ɗaya ya fara.

Akwai kuma kurakuran da aka daɗe ba a gane ba. Da farko cikin jiragen baƙi ake shafa wa, irin na masu kai harin dare, sai ya zama da rana mai gadi yana hango su tun daga nesa kamar hankaka a farin gajimare. Kifi na ganinka, mai jar koma. Wasu masana lissafi a Ingila, ƙarƙashin Patrick Blackett, suka zauna da rahotannin hare-hare suka ba da shawara a mayar da su farare. Su ne kuma suka gano cewa nakiyoyin da ake saitawa su fashe a zurfin mita 30 asara ce, domin jirgin da ya sami lokacin kaiwa can ya riga ya kauce, ba a san inda yake ba. Wanda za a iya kashewa shi ne wanda aka rutsa a sama ko yana cikin nutsewa. Aka mayar da saitin kamar mita 8, kisa ya ƙaru nan da nan. Sannan ga rada, na'urar da ke gano ƙarfe a duhu. Jamusawa sun ƙera abin da ke jin ta tun daga nesa a 1942, a 1943 aka fito da sabuwa wadda abin nasu ba ya ji. Ta haka dare, wanda shi ne lokacin shan iskar ayu, ya daina zama mafaka.

Tsoron jiragen nutso ya haifi jita-jita cewa suna shan mai a ɓoye cikin kogunan Afirka da wuraren da ba sa cikin yaƙi. Ido ya koma kan tsibirin Fernando Po da ke gabanmu, wanda mutanen da ke kira Panya, yau kuma Bioko, a lokacin yana hannun Sifaniya. Daren 14 ga Janairu 1942 wasu sojojin Ingila suka shigo tashar Santa Isabel daga Legas da jiragen ja guda biyu, yayin da aka shagaltar da hafsoshin jiragen da liyafa a gari, suka tsinke sarƙoƙi suka janye jirgin Italiya Duchessa d'Aosta da ƙananan jiragen Jamus biyu. Ɗaya sunansa Likomba, sunan da duk wanda ya bi hanyar Tiko ya sani.

Mafarauci ma yana da nasa abin kunya, kuma ba za mu tsallake shi ba. Ranar 12 ga Satumba 1942, arewa maso gabas da tsibirin Ascension, U-156 ya harbi babban jirgin fasinja Laconia mai ɗauke da mutum sama da 2,700. Da kwamandan, Werner Hartenstein, ya gane cewa kimanin 1,800 daga cikinsu fursunonin yaƙi ne 'yan Italiya, abokan Jamus, sai ya fara tsamo mutane, bai bambanta aboki da maƙiyi ba, har mata da yara. Ya aika saƙo a fili cikin Ingilishi yana neman agaji, ya ɗaura kwalekwalen ceto a bayansa, ya shimfiɗa tutar Red Cross. Ranar 16 ga wata jirgin saman Amurka samfurin Liberator daga Ascension ya same shi a haka. Matuƙin ya nemi umarni, aka ce masa ya kai hari, ya kai. Hartenstein ya kwance kwalekwalen ya nutse. Jiragen Faransa da suka taso daga Dakar da Kwatano suka kwashe waɗanda suka rage, mutum sama da 1,600 kuwa sun halaka. Washegari Dönitz ya haramta wa jiragensa ceton kowa. A ganinmu wanda ya ba da umarnin harin nan ya yi wa duk wani matuƙin jirgin dako mugun aiki, kuma a jiragen da ke bin gaɓarmu masu zuba gawayi a inji da masu dakon kaya galibi baƙar fata ne, 'yan Saliyo da Laberiya da Nijeriya.

Shekarar 1943 ta buɗe da asara. Daren 30 ga Afrilu wayewar 1 ga Mayu, U-515 shi kaɗai ya nutsar da jirage 7 daga ayarin TS 37 da ya taso daga Takoradi. Amma a wannan watan na Mayu Jamus ta rasa jiragen nutso sama da 40 a tekuna dabam-dabam, kuma reshe ya fara juyewa da mujiya a ruwan Afirka ma. Ranar 2 ga Yuni wani jirgin saman Faransa mai sauka a ruwa, Antarès, ya nutsar da U-105 kusa da Dakar, ba wanda ya tsira. Ranar 11 ga Agusta wani ɗan New Zealand, Lloyd Trigg na runduna ta 200, ya rutsa U-468 a sama. Maimakon ya nutse sai ya tsaya ya buɗe wuta, Liberator ɗin Trigg ya kama da wuta tun bai iso ba. Bai kauce ba, ya bi ta kan jirgin ƙasa-ƙasa ya saki nakiyoyinsa, sannan ya faɗa teku da mutanensa duka. U-468 ya nutse cikin 'yan mintoci. Jamusawa 7 da suka tsira, cikin kwalekwalen robar da ya ɓalle daga jirgin Trigg suka tsira. Babu wani shaida daga ɓangaren Ingila, kwamandan Jamus ɗin ne, Klemens Schamong, ya ba da labarin abin da ya gani, kuma a kan shaidarsa aka ba Trigg lambar Victoria Cross. Mako guda bayan haka wani Wellington na Faransawa ya gama da U-403 a ruwan Dakar.

Mu lura da lokacin. A daidai waɗannan watanni ne aka loda runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma cikin jiragen ruwa zuwa Indiya domin yaƙin Bama, ta 82 ta bi ta a 1944. Dubban 'yan Arewa ne a ciki, har Hausa ta zama harshen bariki. Samarin da yawancinsu ba su taɓa ganin ruwan da ya fi Kwara faɗi ba, sun ratsa inda aka nutsar da jiragen TS 37. Farin jirgin da suke gani yana kewaya ayarinsu daga safe zuwa yamma yana cikin dalilan da suka sa suka isa.

A New Bell kuwa ta kasuwa yaƙin ya shigo. Kowane jirgi da ya nutse rami ne a kantin Bature, jiragen da suka rage kuma kayan soja aka fi ba muhimmanci. Yadi da kananzir da kayan ƙarfe suka yi wuya, mai tebur da mai talla da ke saro daga kantunan suka rasa abin sarowa. A ƙauyuka aka matsa wa mutane shiga daji tatsar roba bayan Japan ta mamaye Malaya a 1942. Farashi ya hau, albashi bai bi shi ba, kuma wannan ƙunci yana cikin abin da ya fashe a yajin aikin Satumba 1945, lokacin da aka harbe mutane a titunan Duwala. Wannan labarin wata rana ne.

Farauta mafi kusa da ƙofarmu ta zo a ƙarshe. A Janairu 1944 U-66 ya bar Lorient ƙarƙashin Gerhard Seehausen, ya gangaro har Mashigin Gini. Tsakanin ƙarshen Fabrairu da ƙarshen Maris ya nutsar da jirage 4. Na ukunsu, ranar 5 ga Maris, sabon jirgi ne da kamfanin John Holt ya sake raɗa wa suna John Holt, a madadin wanda ya rasa a 1941. An harbe shi kudu da bakin kogin Opobo, nisan da bai wuce na Duwala zuwa Yawunde da yawa ba. Jamusawa suka ɗauki kyaftin ɗin jirgin da fasinja ɗaya a matsayin fursunoni, suka shigar da su ciki.

Sai batun komawa gida, kuma a nan ne duk abin da aka koya cikin shekara huɗu ya haɗu a kan jirgi ɗaya. Mai da abinci sun yi ƙasa. An shirya U-66 ya haɗu da U-488, wani jirgin nutso mai dakon mai, a yamma da tsibiran Cape Verde. Amma Turawan Ingila da Amurkawa suna karanta saƙonnin sirrin Jamus, suna kuma gane inda aka aiko saƙon rediyo. Ranar 26 ga Afrilu aka nutsar da mai dakon man. Seehausen ya yi ta kiran gida yana neman wata mahaɗa, kowane kira kuwa nuni ne ga masu nemansa. A wannan karon ba daga gaɓa jiragen saman suka taso ba. Amurka ta kawo filin jirgin har tsakiyar teku, wani ƙaramin jirgin ruwa mai dakon jiragen sama, Block Island. Tun daga 1 ga Mayu jiragensa suka hana U-66 sakat, dare da rana, da ya ɗago sai a mayar da shi ƙasa da batir rabi.

Daren 5 wayewar 6 ga Mayu, da farin wata, ya fito domin ba shi da sauran zaɓi. Wani jirgin Avenger da aka cire wa makamai aka ƙara masa tankin mai don ya kwana a sama, ya kama shi a rada. Ba shi da abin jefawa, sai ya riƙa kewaya shi yana kwatanta wa jirgin yaƙin Buckley hanya ta rediyo. Buckley ya iso a guje, aka buɗe wuta, sannan ya hau kan U-66 da ƙirjinsa. Jiragen biyu suka sarƙe, Jamusawa suka fara hawowa kan na Amurka, aka koma dambe da jifa da kwankon harsashi da kofunan shan kofi. Buckley ya ja da baya, U-66 ya juyo ya daki gefensa, sannan ya nutse yana cin wuta. An tsamo Jamusawa 36. Seehausen ba ya cikinsu, haka ma fursunoni biyun nan na John Holt, waɗanda suka yi wata biyu a cikin jirgin da ya nutsar da nasu. Block Island ma bai ga ƙarshen watan ba, ranar 29 ga Mayu U-549 ya same shi da tofido kusa da tsibiran Kanari.